Ra'ayinmu: Lilon yara da fanshon ƴan kwana-kwana

A cikin dukan batutuwan da majalisar gari ke zama a kansu, akwai guda biyu da ba kasafai suke tara jama'a ba: kayan wasan yara a filayen shaƙatawa, da haƙƙin ƴan kwana-kwana bayan ƙarfinsu ya ƙare. Dalilin a fili yake. Yaro ba ya jefa ƙuri'a, tsohon ma'aikaci kuma ba shi da aikin da zai yi wa yaji. Shi ya sa duk ranar da baitulmalin gari ya yi ƙasa, su wuƙa ke fara hawa. Mu a wannan jarida muna ganin cewa a kan waɗannan batutuwa biyu ya kamata a auna kowace majalisa, domin dukansu alkawari ne da ake ɗauka yau, a biya shi shekara da shekaru.

Wanda ke shakka, ya dubi abin da ya sami birnin Detroit na jihar Mishigan a Amurka, cibiyar ƙera motoci ta duniya a da. A 1950 mazaunansa sun kusa miliyan biyu. A ƙidayar 2010 sun ɗan haura 700.000 kawai. Masu biyan lanho suka watse, amma alkawuran fansho da aka yi wa ma'aikata suna nan daram. Maimakon shugabannin gari su faɗa wa jama'a gaskiya, sai a 2005 da 2006, zamanin magajin gari Kwame Kilpatrick, aka ciwo bashin kusan dala miliyar ɗaya da rabi don a cike giɓin asusun fansho. Wato an haƙa rami don a cike rami.

A farkon 2013 abin ya iso kan yara. Gwamnatin jiha ta nemi a ba ta hayar tsibirin shaƙatawa na Belle Isle, ta ɗauke wa gari nauyin kusan dala miliyan 6 a shekara. Majalisa ta yi ta jan ƙafa har jiha ta janye tayinta. Nan take magajin gari Dave Bing ya ba da sanarwar rufe filayen wasa kimanin 50, kuma sai da kamfanoni da masu hannu da shuni suka kawo gudummawa kafin a fasa. A watan Maris gwamna Rick Snyder ya naɗa kantoma, Kevyn Orr, aka mayar da zaɓaɓɓun kansiloli ƴan kallo. Ran 18 ga Yuli garin ya shaida wa kotu cewa ya karye, da bashin kimanin dala miliyar 18.

Tsarin mulkin Mishigan ya hana taɓa fanshon ma'aikata, amma alƙali Steven Rhodes ya yanke hukunci cewa idan gari ya karye, fansho ma bashi ne kamar sauran basussuka. A shirin da ya amince da shi a Nuwamban 2014, an zabge kashi 4,5 cikin 100 na fanshon sauran ma'aikata. Ƴan sanda da ƴan kwana-kwana sun tsira da uwar kuɗinsu, amma ƙarin shekara-shekara da ke kare su daga tsadar rayuwa ya sauko daga kashi 2,25 zuwa kashi 1, kuɗin maganin tsofaffin ma'aikata kuma aka yanke mafi yawansa. Mutanen da suka yi shekaru suna kutsawa cikin wuta don ceton dukiyar wasu, su suka biya kuɗin sakacin da ba nasu ba. Sai bayan wannan dukan ne majalisar ta yi hankali: a 2016 aka shiga gyaran filayen wasa 40 na unguwanni, a 2017 kuma aka buɗe asusu na musamman da ake tara kuɗin fansho tun kafin ranar biya ta zo.

Wani zai ce, ina ruwan Maraɗi da Mishigan? To, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ma'aikacin da ya ga shekarun 1990, lokacin da ake jera watanni ba albashi, ga karyar darajar sefa ta Janairun 1994 a kai, ya san cewa alkawarin hukuma ba ya tafasa tukunya in babu kuɗi a bayansa. Ɗan kasuwa kuwa ba ya buƙatar a gaya masa mene ne gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwar birnin ta bi sawu a 2012. Mafi ciwo, a Afrilun 2021 yara kimanin 20 suka rasu a cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 suka rasu ta wannan hanya a Maraɗi. A ƙasarmu, maganar yara da maganar gobara magana ɗaya ce.

Gaskiya ne cewa a Nijar ƴan kwana-kwana sojoji ne, fanshonsu yana wuyan gwamnatin ƙasa. Amma wannan bai wanke ma'aikatar magajin gari ba. Idan aka buga lamba 18, motar kashe gobara kan titin gari za ta bi. Wa ke raba rumfunan kasuwa har hanya ta toshe? Wa ya kamata ya tsaya a kan famfunan kashe gobara su kasance da ruwa? Wa ke yanka filaye, har wurin da aka ware don makaranta ko wasan yara ya wayi gari da tubali a kansa? Dajin kariya da aka fara dasawa kewaye da Yamai tun 1965 shaida ne kan yadda rabon filaye ke cinye abin jama'a. Yaron da aka sayar da filin wasansa, titi zai koma tsakanin motoci da babura. Sa'an nan garuruwa suna da nasu ma'aikata: masu shara, masu karɓar kuɗin kasuwa, direbobi da masu gadi, waɗanda su ma tsufa ke jira.

A 2004 ne aka fara kafa zaɓaɓɓun majalisu a duk faɗin ƙasa. Ran 4 ga Afrilun 2024 aka rushe su, aka miƙa Yamai, Maraɗi, Tawa, Damagaram da sauran garuruwa ga kantomomi. Ba mu ce tsofaffin kansiloli waliyyai ne ba. Da yawa cikin filayen da muke kuka a kansu a gabansu suka salwanta. Amma aƙalla akwai zauren da ɗan adawa zai tashi ya yi tambaya. Inda babu wannan zaure, nauyin bayani ya ninka a kan mai riƙe da hatimi.

Don haka muna kira da abubuwa uku, ga duk wanda ke kan kujerar gari, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe. Na farko, a lika kasafin kuɗin shekara a ƙofar ma'aikata, a karanta shi a rediyo da harsunan ƙasa, kowa ya ji nawa aka tara na lanho da kuɗin kasuwa, nawa aka ware wa rigakafin gobara. Na biyu, a bayyana jerin filayen da aka keɓe wa jama'a, unguwa-unguwa, kuma duk lilon da za a saya a rubuta kuɗin gyaransa a gefensa, don kada ya zama ƙarfen da zai yanki yaro bayan damina biyu. Na uku, a nuna wa ma'aikatan gari takardar shaidar cewa abin da ake cirewa daga albashinsu yana isa asusun da doka ta tanada.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su ne ya kamata su ja gaba a wannan tambaya, tunda aljihunsu da tsufansu ake magana. Detroit ta sami attajiran da suka tallafa mata ranar da ta faɗi. Garuruwanmu ba su da irin wannan gata, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kare mu daga gobara, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.