Kafin ka sayi SSD mai hitsink, auna gidansa tukuna

1/ Jama'a, ku zo mu yi magana. Muna da wata cuta wajen sayen SSD: mu duba TB nawa ne, mu duba gudunsa, mu tura kuɗi. Ba mai tambayar ko zai shiga na'urar. Ni ma ta ci ni. 🧵

2/ Bara na yi odar SSD mai hitsink, wato ƙarfen nan da ke zuƙe zafi, don laftof ɗina. Na saka, ya zauna daram. Na zo mayar da murfi, murfi ya ce bai san zancen ba. Mai kaya kuma ya ce an buɗe kwali, ba a dawowa da shi. Kuɗin da na yi wata uku ina tarawa fa.

3/ Ra'ayina: hitsink ba ado ba ne, kuma girmansa ba shi ne ingancinsa ba. Aikinsa ɗaya: idan SSD ya yi zafi sosai, da kansa yake rage gudu, ƙarfen ne ke hana hakan. Amma wanda bai shiga ba, me zai sanyaya?

4/ Fara da lambar nan da kake tsallakewa. 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. 2230 kuma tsawonsa 30, irin wanda Steam Deck ke ɗauka. Lambar ba ta faɗin kauri, kuma a kaurin ake faɗa wa rami.

5/ Masu PS5, Sony ta sauƙaƙa muku. Tun Satumba 2021 aka buɗe ramin M.2. Sharaɗi: NVMe PCIe Gen4, faɗi kada ya wuce milimita 25, kauri da hitsink duka kada ya wuce 11.25. Sama da allon 8, ƙasansa 2.45. Kuma ita Sony ta ce a sa masa abin sanyayawa.

6/ Masu gidan gem, ku ne abin ya fi shafa. Na'ura tana aiki safe zuwa dare, ga zafin Afrilu. Kada ku bar ramin a buɗe don hitsink ya yi tudu. Ku nemi wanda murfi zai rufu a kansa.

7/ Laftof kuwa, yawancinsu ba su da wurin hitsink ko kaɗan. Siraran ma wasu ba sa ɗaukar SSD mai ƙwayoyi a fuska biyu. Sayi marar ƙarfe kawai.

8/ Kwamfutar tebur: duba madabod. Da yawa suna zuwa da nasu hitsink, ka ga ka biya kuɗin abin da kake da shi. Idan ramin yana ƙarƙashin katin girafik, dogon ƙarfe zai tokare shi.

9/ Wani zai ce "ai sai a ɓamɓare shi". Wanda aka manna daga kamfani, ɓamɓararsa na iya tafiya da garanti, wani lokacin har da ƙwayar ajiyar. Ban ba ka shawara ba.

10/ 'Yan kasuwa, ku ma da laifinku. Kuna rubuta gudu da manyan baƙaƙe, ba kwa rubuta kauri. Ku riƙa tambayar mai saye na'urar da zai saka a ciki.

11/ Kafin ka tura kuɗi: duba littafin na'urarka, duba awon SSD ɗin a shafin kamfaninsa, ka kwatanta. Minti biyar ne. Nawa yana nan a durowa, mai PS5 da ke so ya yi min magana. 😅