Kafin a sayo jirage marasa matuƙi don dajin Birnin Gwari

Wani ƙanena a Birnin Gwari ya shafe wata biyu yana haɗa ɗan jirgin sama da soso da kwali, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Ranar gwaji jirgin ya tashi lafiya, amma yana gilmawa ta bayan wasu bishiyoyin mangwaro sai ya daina jin umarni, ya kifa cikin gonar masara. Nan take 'yan kallo suka yanke hukunci cewa na'urar sojoji ce ta toshe shi.

Da wani mai gyaran rediyo ya duba, sai ga laifin a cikin jirgin. Yaron ya cusa eriyar karɓar sigina a ƙarƙashin batir, batirin kuma ya gaji, da injin ya ja wuta da ƙarfi sai na'urar karɓar ta ɗauke na ɗan lokaci. Ga shi ya riƙa nuna jirgin da tsinin eriyar rimot, alhali ta nan ne sigina ya fi rauni. Ganye ya ƙarasa aikin. Galibin rimot ɗin yanzu na aiki ne a kan mita 2.4 gigahaz, wadda Wi-Fi da Bluetooth ke amfani da ita, kuma ruwan da ke jikin ganye yana shanye irin wannan sigina, musamman da damina.

Abin da ya kayar da jirgin soso shi ne zai kayar da ƙananan jiragen kasuwa da ake yawan cewa a sayo wa 'yan sa-kai don sintiri. Dajin Kamuku ba filin ƙwallo ba ne. Akwai duwatsu, ga bishiyoyi, kuma ya miƙe har ya haɗu da dazukan Zamfara da Neja. Da zarar tudu ya shiga tsakanin mai rimot da jirginsa, an rabu ke nan.

Akwai kuma masu zaton katse layin waya na hana jirage tashi. A ƙarshen Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, muka sha wuya. Amma rimot da jirgi kai-tsaye suke magana, ba ruwansu da turken kamfanin waya. Ita ma na'urar toshe sigina ba ta san na gida ba, duk wanda ke kan mitar za ta kurmantar. A yaƙin Rasha da Ukraine sai da ta kai ana ɗaura wa jirage siririn zaren fayiba don kauce mata.

A ganina, kafin a kashe kuɗi kan jirage, a fara kashewa kan masu sanin rediyo. A Kaduna Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama take, a nan kuma aka ƙaddamar da jirgin Tsaigumi a 2018. Me zai hana ta riƙa ɗaukar irin waɗannan yara horo na 'yan makonni, a yi musu rajista da hukumar NCAA, a ware musu filin gwaji?

Shi dai ƙanena ya gyara eriyar, ya sayi sabon batir, sannan ya tura jirgin ƙarƙashin gado. Mahaifiyarmu ta ce kada ta sake ganinsa a sama, kar wani ya ce wa ɗanta infoma.