Baƙin ƙwallo sun zo Abijan: wa ya ci kuɗɗinsu?

Da yawanku kun bi wasannin cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka da anka yi ƙasar Kwaddibuwa, wasu ga rediyo, wasu ga tele. An fara ranar 13 ga watan Janairu na 2024, anka gama ranar 11 ga Fabarairu. Ƙasashe 24 sunka kara. An buga wasa 52 cikin garuruwa 5: Abijan, Yamusukuro, Buwake, Korogo da San Pedro. Ranar ƙarshe masu gida sunka ci Najeriya 2 da 1, kofi ya kwana gida. Mena tamu ba ta samu zuwa ba. Ita 2012 da 2013 ne ta je.

Amma ba zancen buga ƙwallo za ni yi muku ba. Zancen kwana da ci ne. Wanda ya baro ƙasarsu don kallon wasa, minti 90 ne nashi cikin fili. Sauran yini da dare fa? Sai ya nemi inda za shi sa haƙarƙarinshi, da abin da za shi kai baka. To, nan kuɗɗi suke. Abin da nake so mu duba tare shi ne: aljihun wa sunka shiga?

Mu fara da manyan otal. Wanda ya fi suna cikin Abijan shi ne otal Ivoire, cikin unguwar Kokodi, bakin ruwa. An buɗe shi ga shekara ta 1963, zamanin shugaba Ufuwet Bwanyi. Bene ne mai tsawo, ana hangen shi daga nesa. Akwai ɗakuna ɗaruruwa, kowane da kilim, da wurin iyo mai faɗi, da zauren taro. Can baya har fili anka yi na ƙanƙara cikinshi, inda mutane ke sulɓi da takalma masu ƙarfe, cikin ƙasar da zufa ba ta barin mutum. Kamfanin Faransa mai suna Accor ke tafiyar da shi, da sunan Sofitel. Yamusukuro ma akwai nata, otal Président.

Kwana ɗaya cikin irin wanga otal ya wuce jika 100. Ku sake karantawa, ba kuskuren bugawa ba ne. Jika 100, kwana ɗaya, mutum ɗaya. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke ma ma'aikaci a Kwaddibuwa tun 2023, jika 75 ne ga wata. Ke nan mai gadin ƙofa, in shina bisa wanga albashi, aikinshi na wata guda bai biyan kwana ɗaya cikin ɗakin da yake tsaro.

Wurin cin abinci ma haka. Teburi da farin ƙyalle, wuƙa ga dama, cokali mai yatsu ga hagu. A miƙo maka takarda mai sunayen abinci da Faransanci. Cin dare na mutum ɗaya shina iya kai jika 20. Kuma da yawan abin da ke bisa teburin, jirgi ya kawo shi: cukun Turai, man shanu na gwangwani da na kwali, alkamar da anka yi burodi, da kwalaben da masu sha ke sha.

Kar ku ce ina ƙin otal. A'a. Ɗan wasan da za shi yi gudu gobe shina buƙatar gado mai kyau, da shuru, da abincin da ba shi ɓata mishi ciki. Alƙalan wasa da ƴan jarida da shugabanni su ma sai an sauke su. Ƙasar da ba ta da otal ɗin ƙwarai, ba a ba ta gasa. Kuma otal na ɗaukar ma'aikata: masu dahuwa, masu wanki da guga, masu shara, direbobi, masu gadi. Shina biyan lanho. Duk wanga gaskiya ne.

Sai dai ku bi sawun jika 100 ɗin nan, ku ga inda ta nufa. Wani kaso na kamfanin da ya ba da sunanshi ne, shi ko waje yake. Wani kaso na kayan da anka sayo daga waje. Wani na kuran da ke sanyaya ɗaki dare da rana. Abin da ya saura shi ake raba ma ma'aikata. Kuɗɗin sun shigo ta filin jirgi, sun kwana biyu, da yawansu sun koma ta inda sunka fito.

Yanzu mu fito daga otal, mu shiga unguwa. Duk wanda ya taɓa zuwa biɗa Abijan ya san garba. Wanda bai je ba, wanshi ko ƙanenshi ya ba shi labari. Garba abinci ne: aceke da soyayyen kifi. Aceke daga rogo ake yin shi. Mata ke feƙe rogon, su niƙa, su bar shi ya ɗan yi tsami, su matse ruwan, su murza shi ya zama tsaki-tsaki, sannan su turara. In ka gan shi sai ka ce dambu ne. Kifin ko na teku ne, wanda ake ce ma ton. Mai garba ya zuba maka aceke, ya aza kifi, ya watsa albasa da tumatir da tanka, ya marmasa magi, ya ɗiga mai. Ka wanke hannu, ka zauna bisa banci, ka ci. Da dala 100 mutum ya kori yunwa.

Sunan fa, daga ina? Daga gare mu. Ƴan Nijar ne sunka yi suna da saida shi bakin titi da ƙofar lakkol, kuma Garba suna ne da ya yawaita cikinsu. Mutanen gari sunka riƙa cewa za su wurin Garba, har sunan ya bi abincin. Yau ɗan lakkol, da lebura, da ma'aikacin biro mai karabat, duk suna tsayawa layi ɗaya gaban teburin ɗan'uwanmu.

Ga lissafi, ku yi shi bisa allo. Dala 100 sau 2, jika ɗaya. Ke nan jika 100 ta kwana ɗaya cikin otal tana sayen kwanon garba 200. Mutum 200 sun ƙoshi da kuɗɗin barcin mutum ɗaya.

Dala 100 ɗin nan ita ma mu bi sawunta. Wani abu ya tafi ga manomin rogo. Wani ga matan da sunka turara aceke. Wani ga matan da ke sarin kifi bakin tashar jiragen ruwa, don Abijan babbar matattarar kifin ton ce, kuma wanda masu sa shi gwangwani ba su ɗauka ba, shi ke fitowa kasuwa. Wani ga mai gawayi da mai mai. Albasar kuma? Ku tambayi mutanen Galmi da Madawa da Ƙonni ina kamyo-kamyon albasarsu ke tafiya. Abijan na cikin manyan kasuwanninsu. Ribar da ta rage ma mai garba, ita ce ake aikowa gida lokacin bazara, a sayi hatsi da iri, a biya magani, a yi ma yarinya kayan ɗaki. Akwai gidaje da yawa cikin Adar da rufin kwanonsu daga irin wanga tebur ya fito. Dala 100 ba ta da yawa, amma hannu nawa ta taɓa kafin ta tsaya?

Shi ya sa nake cewa, in ana shirin tarbon baƙi, kar a auna shirin da tsawon bene kaɗai. Hukumomin Kwaddibuwa sun kashe kuɗɗi da sunka kai miliyar 500 na sefa don wagga gasa. An gina filayen wasa, an gyara wasu, an shimfiɗa gudaro, an yi gidajen saukar ƴan wasa. Filin Ebimpe kaɗai, arewa da Abijan, shina ɗaukar mutum 60.000. Alamar gasar giwa ce mai suna Akwaba, wato sannu da zuwa. Aiki ya yi kyau, duniya ta yaba. Amma wasannin farko, an ga kujeru da yawa babu kowa, ko da yake tike mafi araha jika 5 ne. Wa ke cika fili, ya buga ganga, ya yi kuwwa har murya ta dishe? Ba mai ɗakin jika 100 ba ne. Mai cin garba ne. Shi ne ya shiga kar ya kwana bisa hanya, ya sauka gidan ɗan'uwa, ko ɗakin haya da sunka haɗa kuɗɗi su biyar.

Abin da ya fi damuna ga shi. Cikin shekara ta 2024, hukumar birnin Abijan ta rushe gidaje cikin unguwannin talakawa, kamar Boribana da Jesko. Ta ce wuraren na da hatsarin ambaliya da zabtarewar ƙasa. Bayan gasa kuma ta hana talla bisa manyan tituna, ta hana kurar turawa da suke ce ma wotoro. Gari nasu ne, doka tasu ce, kuma ba wanda ke son ruwa ya ci mutane. Amma mun san su wa ke talla, su wa ke tura kura. Cikinsu akwai namu. Kuma ba Abijan ta fara ba. Lokacin kofin duniya na 2010, a Afirka ta Kudu, an shata iyaka kewaye da filayen wasa, ƙananan masu saida abinci ba su da izinin kasa kaya ciki. Duk inda za a yi babban taro, sai ka ji ana cewa a tsabtace gari don baƙi. In ka duba da kyau, talaka da teburinshi ake sharewa.

Wani za shi ce mini: malam, ai wurin mai garba ba shi da tsabta. Ban musa ba. Akwai wanda ke soya kifi da mai ɗaya har ya koma baƙi ƙirin. Akwai wanda ruwan wanke hannunshi ɗaya ne tun safe. Ga ƙuda, ga kwata kusa. Baƙon da cikinshi bai saba ba, in ya ci, shina iya kwana bayan gida, wasa ya wuce shi. Amma maganin wanga abu sananne ne, kuma ba shi da tsada: famfo kusa, sabulu, rumfa mai siminti ƙasa, gilashi ko raga bisa kifi, wurin zuba shara, da ma'aikacin lafiya da ke zagayawa shina dubawa. Kuɗɗin ƙawata zauren otal ɗaya sun isa a yi ma masu abinci da yawa wanga gyara. Kuma gyaran ba shi tashi ranar da baƙi sunka tashi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gasa wata ɗaya ce. Mutanen gari su ke nan gobe da jibi, su za su ci gaba da ci.

Wani abu ma da za shi ba ku dariya. Ga watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa sanin yin aceke cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abincin da ake ci da hannu bisa banci, shi duniya ta ɗaukaka. Bature ko Balaraben da ya zo kallon ƙwallo, cuku da burodi ya baro su gida. In ya koma, ba su za shi ba da labari ba.

Mu ma nan Nijar mun taɓa zama masu masauki. Ga watan Disamba na 2005, zamanin shugaba Tanja Mamadu, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci. Ƙasashe fiye da 40 sunka zo, har kokowarmu ta gargajiya anka yi. Manya sunka sauka otal Gaweye da ire-irenshi, ƴan wasa kuma anka gina musu gidaje. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta wace shekara ce ba. Ita ce shekarar da ta biyo bayan fari da fara, hatsi ya yi tsada, yara sunka cika wuraren jinya. Daga abin da anka gina lokacin, wanda ya fi amfanar mutane shi ne gidajen nan. Baƙi sun tafi, iyalai sunka shiga, wurin ya zama unguwa, har yau da sunan wasannin ake kiranta. Ɗakin otal in babu taro, rufe shi ake yi, a jira wani baƙo.

Kowace shekara ma muna da namu taro, kokowar takobi, da ke zagaya jihohi tun da anka fara ta Tawa ga 1975. Kuma wata rana za a sake ba Yamai wata gasa ta ƙasashe. In ranar ta zo, a gyara otal, ban hana ba. Amma tun ana rubuta tsarin kashe kuɗɗi, magajin gari ya ware fili kusa da ƙofar filin wasa don masu abinci. A ja ruwa, a kafa rumfuna, a sa fitila. Kuɗɗin wuri su zama kaɗan, a ba kowa takardar shaidar biya, don kar wani ya zo daga baya ya ce a sake biya. Kowa ya rubuta farashinshi bisa allo da manyan lambobi, baƙo ya gani, kar a yi ta ciniki da yatsu. Sannan takardar da ake ba baƙi ta sunayen otal-otal, a ƙara mata shafi ɗaya: ga inda ake saida kilishi, ga mai tsire da balangu, ga mai dambu da kopto, ga mai fura da nono, ga lokacin da kowa ke buɗewa.