Allurar da Ta Yi Hijira: Ɗinkin Hannu a Ƙauyukan Hausawan Bakin Nilu

'Yan'uwa masu bibiyar wannan fili, a wannan fitowa za mu yi nisan zango, mu leƙa gabas wajen danginmu da ke zaune a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, mu yi magana a kan allura da zare. Wataƙila wani ya ce, mutanen da yaƙi ya ɗaiɗaita, ina su ina zancen ɗinkin hula? Muna roƙonsa ya yi mana haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, domin magabata sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce.

A watan Yuli na 1903 Turawan Ingila suka yi galaba a yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, bayan 'yan shekaru suka sauka a Shaikh Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka haye kogin suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sannar. Kafinsu da bayansu mahajjata sun yi ta bin wannan hanya a ƙafa, wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya nema, tsayawar ta zama zama. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, sai ƙauyukan Hausawa suka yawaita a gefen gonaki. Larabawan ƙasar suna haɗa mu da Fulani da Barebari su kira mu Fallata ko Takarir.

Mai hijira ba ya ɗaukar masaƙa ko tukunyar rini. Abin da zai iya ɗauka shi ne abin da zai shiga gafaka tare da Alƙur'ani, kuma allura tana shiga. A ƙasar Hausa ta wancan zamani aikin riga sana'ar maza ce, kuma da yawa daga masu yinta malamai ne da manyan almajirai. Dalilin a fili yake: hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ne ya fi iya zana aska biyu da aska takwas da tambari da dagi a ƙirjin riga, ba tare da layi ya karkace ba. Malam ya zana da tawada, almajirai su cike da zare a zaure tsakanin karatun safe da na yamma, abin da aka samu a ci tuwo da shi. Zaren kuwa ko dai tsamiya ce, wato silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, ko alharini ja da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Riga guda takan ci watanni. Tun da ayarin Mai Wurno cike yake da malamai, wannan ilimi ya isa bakin Nilu a cikin yatsunsu.

A can kuwa sun tarar da ƙasa mai nata tarihin allura, wanda ya yi kama da namu har abin ya ba da mamaki. A ɗauki lifidi. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Lifidi aikin maɗinki ne tsantsa: a shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa audugar rimi ko ta gona a tsakaninsu, a bi da ɗinki layi-layi kusa da juna domin kada audugar ta tattaru wuri ɗaya, sa'an nan a lulluɓe da yanka-yankan ƙyalle ja da baƙi da rawaya masu kusurwa uku. Kibiya mai dafi in ta faɗa masa sai ta maƙale a cikin auduga ba ta kai fatar doki ba. Idan maɗinki ya yi ha'inci ya buɗa tazarar layukan, ran jarumi ne ya sayar. Irin wannan kaya su ne barden daular Funj ta Sannar suke sa wa dawakinsu, daular da ta tsaya daga 1504 zuwa 1821, kuma an ci gaba da amfani da su har zamanin Mahadi. Bayan yaƙin Karari na 1898 Turawa sun kwashi lifidai da sulkuna da jibbobin Ansar masu faci-faci zuwa gidajen tarihi na Ingila. Ita ma jibbar abin lura ce, domin da fari facin talauci da zuhudu ne, daga baya maɗinka suka mayar da shi ado mai tsari, kowane faci da wurinsa. A Kano da Katsina da Zazzau har yau 'yan lifidi suna fita a hawan salla, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A bakin Nilu kuwa doki ya tafi, lifidi ya bi shi.

Babbar riga ma ta ja baya. Jikokin masu hijira sun ɗauki jallabiya da rawani irin na mutanen ƙasar, kuma jallabiya ba ta son aiki mai nauyi. Sai allurar ta taƙaita a kan hula, ta kuma bar zaure ta shiga cikin gida. Abin sha'awa, kalmar da Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi ke kiran hula da ita, wato tagiya, ita ce dai kalmar da Balaraben Sudan ke kiran tasa, tushensu ɗaya a Larabci. Ba a buƙaci tafinta a kasuwa ba.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ba ba zai san nauyin aikin ba. Ana yanka jikin hular daban, a yanka da'irar samanta daban, kowanne ruɓi biyu. A zana adon a kan farin ƙyalle, a ƙirga gidaje domin farkon zanen ya haɗu da ƙarshensa a bayan kai ba tare da an ga mahaɗa ba, wanda nan ne gwanaye ke bambanta da 'yan koyo. Daga nan sai a shiga huda: a buɗa ƙaramin rami da allura, a kewaye bakinsa da zare har ya zama ido, a matsa gaba a sake wani. Hula guda tana ɗauke da idanu ɗaruruwa, wata dubbai. In aka ja zare da ƙarfi ƙyallen ya tattare, in aka sake shi ido ya lotsa bayan wanki biyu. Mutanen Sudan sun fi son fari a kan fari, saboda hular tana zama ƙarƙashin rawani, ba kamar kube da zanna na Barno masu launi-launi ba, kuma farin aiki ya fi cin ido, domin mai ɗinki ba ta da launin da zai nuna mata inda ta tsaya. Macen da ke cikin gida tana yin wannan ne a ɗan tsakanin da ta samu bayan girki da raino, sau da yawa a hasken fitila. Makonni ke wucewa kafin a haɗa sama da jiki, a wanke, a sa sitati, a ɗora a kan icen da ke ba ta siffa.

A nan ne muke da magana da maza, har da kanmu. Magidanci zai sayi hular inji, wadda aka buga dubunta a yini ɗaya a wata masana'anta a ƙetare, bai nemi ragi ba. Amma in yarinya ta kawo masa ta hannu daga cikin gida, sai ya juya ta, ya taɓe baki, ya taya da kuɗin da ko zaren bai biya ba, don ya san mai ita ba za ta fito ta yi ciniki da shi ba. Dillali kuma ya ci nasa a tsakani. Wannan tauye haƙƙi ne, ko da an yi shi da murmushi da sunan zumunci. Kuɗin hula a irin waɗannan gidaje shi ne sabulu, shi ne maganin zazzaɓin yaro, shi ne kayan ɗakin 'ya. Idan uwa ta ga wahalar ba ta biya, ba za ta koya wa 'yarta ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ba mu ƙin inji, ya sauƙaƙa wa talaka sutura. Abin da muke ƙi shi ne a auna aikin wata guda da ma'aunin aikin minti goma.

Sai kuma fitina ta zo ta ƙara. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa rayuka da yawa, dubban iyalai suka bar gidajensu. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun dakarun a Disamban wannan shekara, soja ba su karɓe shi ba sai a Janairun 2025. Sinja ma ta faɗi a 2024 kafin a ƙwato ta a ƙarshen shekarar. A cikin wannan yaƙi an wawashe babban gidan tarihi na Khartum, kuma gidan Halifa da ke Umdurman, inda aka adana kayan zamanin Mahadi, bai tsira ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu lafiya.

Wanda ya gudu ya bar gona, ya bar keken ɗinki, ya bar shago. Matar da ta iya hula kuwa ta fita da jarinta a ɗaure a bakin zane, kamar yadda kakanninta suka fito daga Burmi. A duk inda ta sauka, in ta samu yadi ɗaya na farin ƙyalle da ƙullin zare, tana da abin da za ta riƙe mutuncinta da shi ba ta miƙa hannu ba. Sai dai zane-zanen ba a rubuce suke ba. Suna cikin kan tsofaffi, kuma tsofaffi su ne hanya ta fi kayarwa. Duk gwanar da aka binne a gefen hanya ta tafi da ƙirge-ƙirgen da ba wanda ya kwafa.

Ba a rasa abin koyi ba. A birnin Zazzau, da maza suka fara barin aikin riga suna komawa makarantun boko da aikin albashi, mata ne suka karɓe shi a cikin gidajensu, har suka kafa ƙungiyoyi suna sayar da aikinsu da kansu, dillali bai shiga tsakani ba. Abin da ya yiwu a Zazzau zai yiwu a Mai Wurno, zai kuma yiwu a duk unguwar da wannan mujalla ke shiga.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Iyalan da ke da dangi a Sudan, in za ku aika taimako, ku tambaya ko akwai mai ɗinki a gidan, ku ware wani abu domin ƙyalle da zare da allurai, ku kuma yi odar hulunan salla daga wurinta a biya ta kafin ta fara. Wanda zai sayi hular hannu a ko'ina ya tambayi kwana nawa ta ci kafin ya buɗe baki ya taya. Malaman Islamiyya su duba ko za a samu sa'a ɗaya ranar Alhamis a zaunar da yara, maza da mata, a gaban wanda ya iya. Matasanmu kuwa da waya ba ta barin hannunsu, su je wurin kaka, su ɗauki hoton kowace hula da kowane wuyan riga da ke cikin akwatinta, ciki da waje, domin bayan ɗinki ne ke nuna yadda zaren ya bi. Su tambaye ta sunan kowane zane da adadin gidajensa da wanda ya koya mata, su rubuta a littafi da boko ko da ajami, su yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gida daban.