Ɗan Aike Da Takardar Saƙo: Yaya Ake Gane Bayani Mai Inganci?

Daga shekarar 2023 zuwa yau, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce matsayin amsa tambaya kawai. Yanzu ana aikensu: su binciko bayani a intanet, su yi lissafi, su buɗe fayil, su aika wasiƙa. Irin wannan manhaja ita ce za a kira ɗan aike na kwamfuta. Shi kuwa wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Abin da yake gani kawai shi ne suna, da 'yan jimloli da mutum ya rubuta game da aikin kayan, da jerin abubuwan da za a cike kafin a yi amfani da shi. Kamfanin OpenAI ya shigo da wannan tsari cikin manhajarsa a watan Yuni na 2023, sannan a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, wadda ta ba masu rubuta kayan aiki hanya guda ta gabatar da su. Ta haka 'yan jimlolin nan suka zama abin da aikin duka ya rataya a kansu.

Ra'ayin da ya dace a riƙe shi ne: ba a auna ingancin bayani da daɗin karatunsa, da gwaji ake auna shi, kamar yadda ake yi wa kowane zato a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya rubuta bayani ya riga ya san abin da yake nufi, saboda haka idonsa ba zai ga giɓin da ya bari ba.

Ɗalibin ilmin halittu ya san wannan matsala tun kafin kwamfuta. Sunan tsiro guda yakan bambanta daga gari zuwa gari, wani lokaci kuma tsirrai biyu su raba suna ɗaya. Shi ya sa tsarin suna mai kalma biyu da Linnaeus ya kafa wa tsirrai a 1753 ya karɓu: suna ɗaya, halitta ɗaya. Ma'auni na farko ke nan ga bayanin kayan aiki. Idan akwai kaya biyu, ɗaya na neman sunan ɗalibi, ɗaya na neman sakamakon jarrabawa, kuma dukansu aka rubuta musu "yana nemo bayani", to ɗan aike zai yi canki-canki ne. Bayani mai kyau yana faɗin abin da kayan ke yi, da lokacin da ya kamata a ɗauke shi, da lokacin da bai kamata ba.

Ma'auni na biyu shi ne awo. Zafin jikin mutum lafiyayye kusan digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyos, 98.6 a ma'aunin Faranhait. Kayan aikin da ya ce "shigar da zafi" bai faɗi wanne ba, ya haƙa rami. Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, domin wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfin turi a ma'aunin fam, wata kuma tana karɓarsa a matsayin ma'aunin niyuton. Injiniyoyi ƙwararru ne wannan ya faru da su, balle ɗan aiken da jimla biyu kawai ke hannunsa.

Ma'auni na uku shi ne gaskiya. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye mugun umurni a cikin bayanin kayan aiki, ɗan aike ya karanta ya bi, alhali mai kwamfutar bai gani ba. Don haka dole a duba ko abin da bayani ya faɗa shi ne abin da kayan ke yi, ba ƙari ba ragi.

To, yaya gwajin zai kasance? Gani ya kori ji. A tanadi ayyuka masu yawa irin na haƙiƙa, a ba ɗan aike, a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai, sau nawa kuma ya ƙyale kayan a inda ba a bukatarsa. Sai a sauya abu guda tak a cikin bayanin, a bar sauran yadda suke, a maimaita. Maimaici wajibi ne, domin waɗannan manhajoji ba kullum suke ba da amsa iri ɗaya ga tambaya ɗaya ba. Anthropic ya ba da labari a watan Disamba na 2024 cewa ɗan aikensa yana ɓata wajen nemo fayil idan an ba shi gajeren adireshi. Da aka wajabta cikakken adireshi, kuskuren ya kau. Gwaji ne ya tono wannan.

Wasu za su ce manhajojin suna ƙara wayo, nan gaba za su gane nufin marubuci ko da bai fayyace ba. Wayo yana taimakawa wajen hasashe, amma ba ya samar da bayanin da ba a rubuta ba. Likita komai ƙwarewarsa ba zai sha maganin kwalbar da ba ta da takarda ba.

Malaman sakandare suna iya koyar da wannan ko babu kwamfuta. A sa ɗalibi ya rubuta matakan gwajin sitaci a ganye da ruwan aidin, a miƙa wa ɗalibin wani aji ya bi ba tare da tambaya ba. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, a nan bayanin ya gaza, kuma a nan za a gyara.