Sitiyari na rawa bayan sauya wili? A daina fara zargin alaimen

Da yawa cikin matasa masu mota, da zarar sun ɗaura wilin wata motar suka ji sitiyari na kakkarwa a gudun kilomita 80 zuwa 110, sai su nufi wajen alaimen. A biya, a fito, rawar tana nan. A koma balansin, a sake biya. Wannan zubar da kuɗi ne. Duk mai rubuta manhaja ya san ƙa'idar: idan abu yana aiki jiya, yau ya lalace, abin da aka canza a tsakani shi ake fara tuhuma. A nan wili aka canza.

Shigar ramukan noti ba ta nufin wili ya dace da mota. Camry da Accord, waɗanda suka cika titunanmu, duka ramuka biyar ne a tsarin 5x114.3, shi ya sa wilin Accord ke hawa Camry ba gardama. Amma ramin tsakiyar wilin Honda milimita 64.1 ne, cibiyar da yake zama a kanta a Camry kuwa 60.1. Giɓin milimita 4 ke nan. Idan mai faci ya ɗaure noti ɗaya tamau kafin sauran, wilin zai iya zama a karkace kaɗan, yana juyawa kamar ƙwai. Injin balansin ba zai gano haka ba, don a kan injin wilin yana zaune daidai tsakiya. Maganin ɗan zobe ne na roba ko alminiyom mai awon 64.1 zuwa 60.1 da ke cike giɓin.

Abin da ya fi haɗari shi ne notin kansa. Wilin Honda na asali yana son noti mai zagayayyen gindi, na alminiyom ɗin Toyota kuma mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha. Zaren iri ɗaya ne, don haka zai ɗauru, amma ba zai zauna sosai ba, kuma yana iya kwancewa a hanya. Wanda zai sayi wili a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya nemi notinsa tare.

Wayar hannu ma tana da aiki a nan. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi kuma kyauta ce, tana amfani da na'urar jin motsi da ke cikin waya ta nuna sau nawa abu ke girgiza a daƙiƙa. Taya mai lamba 215/60R16 tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya, wato a gudun kilomita 100 tana juyawa kimanin sau 13 a daƙiƙa. In manhajar ta nuna girgiza a wajen 13, tana hawa da sauka tare da gudu, laifin na wili ne ko taya. Injin da ke juyi 2,400 a minti a 40 zai fito. Abokin tafiya ne zai lura da wayar, ba direba ba, kuma a kafe ta a jikin mota.

Sauran gwajin ba ya cin ko sisi. Rawar da ke zuwa sai an taka birki, galibi faifan birki ne. Wadda ake ji a kujera fiye da sitiyari, daga baya take. A mayar da tayoyin gaba baya: in rawar ta bi su, an kama mai laifi, ko lanƙwasasshen wili ko kumburarriyar taya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Bakaniken da ya sauya taya, ya yi balansin, ya taɓa alaimen duk a rana ɗaya, ko rawar ta tafi ba zai iya faɗin abin da ya kore ta ba.

Alaimen yana da lokacinsa: idan mota tana ja gefe ɗaya, ko taya tana cinyewa ta gefe guda.