Mai Ba Da Shawarar Kuɗi: A Fara Sanin Wanda Ke Biyansa

A watan Afrilu na shekarar 2025, dubban 'yan Nijeriya suka wayi gari kuɗinsu ya maƙale a hannun kamfanin CBEX, wanda ya yi musu alkawarin ninka musu jari cikin kwana 30. Kafin wannan an ga MMM, wanda ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka tafka asara wani ne da suka yarda da shi ya kai su, kuma wannan mutum yana da kamasho a kan duk wanda ya kawo.

Saboda haka tambaya ta farko da ta kamata ɗan kasuwa ya yi wa mai ba shi shawarar zuba jari ita ce: wa ke biyansa? Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'aikacin banki ko wakilin kamfanin inshora yana iya zama mutumin kirki, amma hajar maigidansa yake tallatawa. Mai ba da shawara mai zaman kansa kuwa daga hannun mai dukiya yake karɓar ladansa, a kan adadin da aka yi yarjejeniya a rubuce, don haka ba ya rasa komai idan ya ce a bar wani ciniki. Mutane da dama na ƙyashin biyan wannan lada, alhali kuwa shawarar da ake kira ta kyauta an riga an cusa kuɗinta a cikin farashin abin da aka sayar musu.

Abu na biyu shi ne rajista. Doka ta wajabta wa duk mai sana'ar ba da shawarar zuba jari ya yi rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari ta Ƙasa, wato SEC, kuma hukumar tana da jerin sunayen waɗanda ta amince da su, wanda kowa zai iya dubawa. Takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda 'yan damfara ke son ratayewa a bangon ofis, shaida ce kawai ta cewa akwai kamfanin. Ba ta ba shi izinin taɓa kuɗin kowa ba. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin harkar MMM, sai dai ɗaurin mai laifi ba ya mayar da dukiyar da ta salwanta.

Na uku, kada kuɗi ya shiga asusun mai ba da shawara. Nasa shi ne bayani. Hannun jari ko takardun lamuni na gwamnati ya kamata su kasance da sunan mai su, ta yadda ko mai shawarar ya mutu ko ya gudu, dukiyar tana nan.

Haka kuma ana gane gwani daga irin tambayoyin da yake yi. Zai nemi sanin bashin da ke kan mutum, da lokacin da zai buƙaci kuɗinsa don sarin kaya, da asarar da zai iya jurewa. Zai gaya masa cewa tun daga 2024 Hukumar NDIC tana lamunce ajiya a bankin kasuwanci har Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, kuma abin da ya haura haka sai an jira sayar da kadarorin bankin, kamar yadda masu ajiya a bankin Heritage suka gani bayan an soke lasisinsa a watan Yuni na wannan shekara ta 2024. Zai tuna masa da faɗuwar kasuwar hannayen jari ta 2008, lokacin da waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka rasa uwa da riba, bashi kuma yana kansu. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, zai san Sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 da Naira biliyan 100.

Gaskiya ne cewa rajista ba ta hana ha'inci, kuma ƙwararre ma yana iya yin kuskure. To amma mai rajista yana da inda za a kai ƙararsa, yana kuma da lasisin da yake tsoron rasawa.

Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun shinkafa sai ya soka ya duba ƙwayarta, bai kamata ya miƙa gumin shekara 20 ga wanda bai bincika ba. Duk mai shawarar da ya yi alkawarin riba tabbatacciya mai yawa, ko ya matsa a biya yau-yau, ko ya ƙi faɗin ladansa, ya riga ya bayyana kansa.